'Yar Shanga da Ke Zaune a Ƙofar Ɗakina

Ranar da aka kawo sakamakon Saratu mu biyar ne a tsakar gida, kuma zan faɗi sunan kowa don wanda ba ya nan ya daina ba da labari kamar yana nan. Akwai ni, Kulu, ina gaban banda ina juya tarwaɗa. Akwai ɗana na fari, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Malam kowa ke ce masa a Yelwa, don shi ke koyar da lissafi a makarantar maza, ni ma haka zan ce. Akwai matarsa Rabi tana tsince shinkafa a faifai. Akwai Ɗanjuma, ƙanin marigayi mijina, mai gyaran injin jirgin ruwa a bayan kasuwa, wanda ba wanda ya kira shi, sai dai ƙamshin kifi bai taɓa barin shi ya wuce ƙofarmu ba. Sai Saratu kanta, 'yar Malam ta fari, wadda aka kawo ɗakina tun ranar da aka yaye ta. Ita ce ke rubuta wannan ina faɗa, na kuma gaya mata wani zai karanta mini daga baya, don na san wuraren da za ta so tsallakewa.

Ina jin abin da kuke faɗa, ku ƙananan jikokina, in kun ɗauka na yi barci. Wai Inna ta ƙwace waya, ta hana yara tambaya, don ita ba ta yi boko ba. Boko kam ban yi ba. Waya kuma na ƙwace. Sauran maganar ce ba ku sani ba.

Ku da kuke hawa wuyan ubanninku kuna ja musu gemu, sai na fara gaya muku yadda gidanmu yake a lokacin. Ni ba na duban Malam ido da ido, ba na sa shi aiki baki da baki. Da safe zai durƙusa a ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina duban bango. In ina son ya gyara katanga sai in ce wa Rabi a gaya wa mai gidan nan katanga ta tsage, shi kuwa yana tsaye a gabanmu yana ji. Haka uwata ta yi wa yayanmu, ba mu ga ya rage shi da komai ba. To shi ma Malam haka ya ɗauko game da Saratu. Ƙannenta yakan zauna da su ya duba littattafansu, ya ja kunnen wanda ya yi shirme. Saratu kuwa in ta shigo ta wannan ƙofa shi ya tuna yana da abin yi a waje. Malamin lissafi ke nan da iyaye ke biyo shi har gida da 'ya'yansu, amma 'yarsa ba ta taɓa jin bayanin lissafi daga bakinsa ba. A lokacin ban ga aibin haka ba. Har yau ma ba duka na ga aibinsa ba.

Sai ga zauren nan na waya. Wasu samari ne suka buɗe shi don mutanen bakin ruwa, tun daga Shanga har Wara, wanda ke da tambaya ya jefa, wanda ya sani ya amsa. Da fari abin kirki ne. Wannan ya tambayi yadda ake sayar da ƙananan kifin nan warangi a Wara, wancan ya ce injinsa na tari, wata ta ce akuyarta ta ƙi ci. Aka sa Malam cikin masu riƙe da zauren, don shi mutum ne mai haƙuri da wawaye. Ba a jima ba 'yan makaranta suka gano wurin. Yaro zai ɗauki hoton aikin gida da malaminsa ya ba shi ya jefa, ko sallama babu, ya tafi wanka rafi, ya dawo ya tarar manyan mutane masu iyali sun yi masa aikin sun gama, har suna musu da juna a kai. Yaran kuma ba sa sa sunayensu na gaskiya don tsoron malamansu. Wannan Sarkin Ruwa, wancan Damisa, yaro ko majina bai gama sharewa ba.

Wanda ya fi kowa saurin amsa shi ne Ɗanjuma. Aji huɗu ya yi a firamare aka kore shi, amma babu tambayar da ta taɓa fin ƙarfinsa. Wani yaro ya kawo ta lissafi, wai jirgi yana gudu kaza, zai yi tafiya mai nisa kaza, yaushe zai isa. Ɗanjuma ya amsa masa cewa ya danganta da injin, da ko an wanke fulogi, da ko ruwa ya kawo, da yawan buhunan da aka lafta, in kuma injin na cin mai a kawo shi rumfarsa bayan kasuwa. Yaron ya kwafe duka har da bayan kasuwa. Malaminsa ya ba shi sifili, ya zane shi, bayan kwana biyu kuma sai ga malamin a rumfar Ɗanjuma da janaretonsa a bayan kabu-kabu. Har yau Ɗanjuma na cewa amsar nan ita ce mafi amfani da aka taɓa bayarwa a zauren.

Ni ban iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma Allah ya ba ni ido, kuma mai banda zaune take wuri ɗaya tana kallon gida. Bayan la'asar Saratu takan shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗaki da littattafanta da tsohuwar wayar uwarta. Malam kuma yana can ƙarƙashin darbejiya a kujerarsa, ya ba mu baya. Sai in ga Saratu ta ɗaga waya bisa littafi, ta danna, ta ajiye, ta kama kitson ƙanwarta. Kafin in juya kifi ɗaya wayar Malam ta yi kuka kamar ɗan tsako. Ya gyara tabarau, ya jawo takarda, ya yi ta rubutu yana murmushi shi kaɗai. In ya ajiye, ta Saratu ta yi kuka, ta saki kan ƙanwarta, ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a littafi, hannunta ko tsayawa ba ya yi. Damina guda ina kallon wannan. Na ɗauka haka bokon yanzu yake, kuma littafinta kullum da jan biro na yabo yake dawowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ban taɓa ganin ta ciji biro ba, ban taɓa ganin ta goge ba. Ƙannenta in suna aiki har kuka suke yi. Ni kuwa ban san wani aiki da ake koyo fuska a sake haka ba.

Shekarar nan ita ce ta ƙarshe gare ta a sakandare, kuma tun tana ƙarama abin da take so shi ne makarantar ungozoma. An gaya mini wanda bai ci lissafi a babbar jarrabawa ba ko ƙofar makarantar ba zai gani ba. To aka yi musu jarrabawar gwaji, wadda ake karɓe waya a bakin aji. Sakamakonta ne aka kawo a ranar da nake faɗa muku.

Saratu ta miƙa wa uwarta, uwar ta miƙa mini, ni na juya takardar sama da ƙasa na miƙa wa Ɗanjuma, don Malam ya riga ya duƙar da kai yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ɗanjuma ya goge hannu a riga ya fara karantawa da ƙarfi kamar mai shela. Komai ta ci daidai gwargwado. Da ya zo kan lissafi sai ya tsaya, ya kai takardar kusa da ido, ya nisanta ta.

"Matar Yaya, ɗiyar malamin lissafi ta ci abin da ko ni sai in ci in an bar ni da fulogi."

Na ce ya rufe mini baki. Bai rufe ba. Ya shiga yi wa Saratu wa'azi, wai ta yi koyi da wata yarinya a zaurensu mai suna 'Yar Shanga, kullum sai ta kawo tambayar lissafi, kullum Malam sai ya warware mata tun daga sama har ƙasa, yarinya mai himma, shi ma ya san ubanta, manomin shinkafa ne dogo mai tsage. Yana maganar nan Saratu na nutsewa cikin hijabi, Rabi kuma ta daina tsintar shinkafa.

Na ajiye kifin da ke hannuna. Na ce wa Saratu ta ɗauko wayarta ta rubuta a zauren cewa ina gaishe su. Ta ce Inna don Allah. Na ce don Allah nake yi. Ta danna. Wayar Malam ta yi kukan tsakon nan, ta aljihun Ɗanjuma ma ta amsa. Ya zaro ya karanta a fili kafin kansa ya kai ga abin da bakinsa ke faɗi.

"'Yar Shanga ta ce Inna Kulu na gaishe ku."

Ya dubi waya, ya dubi Saratu. Na tambaye shi lafiyar ubanta dogo mai tsage, da ko shinkafa ta yi kyau bana. Rabi ta kife fuska a faifai, kafaɗunta na motsi. Malam ya miƙe ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali rana ko ja ba ta yi ba.

Nan take na karɓi wayar Saratu na kai ɗaki, na sa a ƙasan adakata na danne da zannuwa, na ce ba za ta sake ganinta ba sai an gama babbar jarrabawa. Na fito na tambayi Ɗanjuma ko zauren nan na jin murya, ko sai mai rubutu. Ya ce yana ji, amma in sani duk abin da na faɗa za a ji shi tun daga Shanga har Wara. Na ce haka nake so. Na koma na ɗauko mayafi na yafa, don ba zan yi magana gaban maza da yawa haka kai a buɗe ba. Ɗanjuma ya ce ai ba sa ganina. Na ce shi ya riƙe waya ya bar mini sauran.

"Salamu alaikum. Ni ce Kulu mai banda ta Yelwa, wanda bai san ni ba uwatai ta san ni. Kun zauna kuna yi ma ɗiyan mutane aikin makaranta, su suna rafi suna wanka. Ranar jarrabawa kuwa ba ku shiga da su. Daga yau yaron da ya kawo aiki shi fara nuna abin da ya yi da hannunai, da wurin da ya maƙale. A nuna mai hanya, a bar mai ƙarshe. Wanda ya ba yaro amsa sukutum, in yaron ya faɗi, gidanai za a kai shi shi ci da shi. Ɗanjuma kuma shi tsaya ga inji."

Maganar nan ta ƙarshe Ɗanjuma ya so ya goge, amma yatsa ya riga ya saki.

Kafin magariba wayarsa ta yi zafi. Yana zaune yana cin kifina yana kunna mini muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kasuwa a Wara ya ce tsohuwa ta yi gaskiya, a kori yaran duka, shi ya gaji da ya zo neman farashin kifi ya tarar da taswirar cikin kwaɗo. Wani ya ce ilimi sadaka ne, wanda ya sani ya bayar kawai. Wani malamin makaranta ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin yadda aji guda ke yin kuskure iri ɗaya a layi ɗaya. Wani kuma bai ce komai kan maganar ba, ya tambayi ko ina da tarwaɗa manya. Sai wata mata daga Shanga, wannan ta gaske ce, muryarta ƙasa-ƙasa kamar tana ɓoyewa. Ta ce ita da mijinta ba wanda ya iya karatu, ɗanta in ya maƙale ba shi da wanda zai tambaya sai zauren nan, in aka kore shi ina za shi. Na ce wa Ɗanjuma ya sake dannawa. Na gaya mata ban ce a kori kowa ba, ɗanta ya zo kullum in yana so, ya zo da abin da ya gwada ko da shirme ne, kuma duk wanda ya yi masa dariya ni zan amsa masa. Ku da kuke cewa na hana yara tambaya, ku je ku tambaya, muryar nan na nan har yau, an ce sun maƙala ta a saman zauren. Masu riƙe da shi suka mai da maganar doka a yammacin nan. Yara suka rage, waɗanda suka rage kuwa suka koyi sallama.

Ni dai na ɗauka na gama aiki. Bayan magariba muna kwashe kifi daga banda ni da Rabi, Saratu na ɗaki ta ƙi cin tuwo, sai Rabi ta ce tana da magana in ba zan yi faɗa ba. Na ce ta faɗa, faɗan nawa ne, ni zan san lokacinsa. Ita ma Rabi ba ta kiran sunan Saratu, 'yar ɗakinki take cewa.

"Inna, Malam ya san ita ce tun ranar farko. Hoton da ta fara aikawa, tabarmarki ce ƙarƙashin littafin, ƙafarki ma ta fito a gefe."

Na ce in ya sani, mi ya hana shi tsawata mata.

"Ta ina zai tsawata mata, Inna? Can kaɗai yake mata magana. In ya gama amsa sai ya rubuta, Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Kowa na ɗauka haka yake ce wa duk yara. Ita kaɗai yake ce wa. Ita ma ta sani. Wasu tambayoyin ma ba a ba su a makaranta ba, ita ke nemo su."

Na ce mata kifi na hucewa, ta kama kwando. Amma na tuna ranar da Malam ya dawo da takardar zama malami, gari duk ana yi masa barka. Ni ban ce masa uffan ba. Na zaɓi giwan ruwa mafi girma da ya shigo hannuna a shekarar, na dafa kan da kaina, na ba ƙanwata ta kai masa ta ce daga maƙwabta ne. Ya cinye, ya aiko da kwanon ɗakina kai tsaye.

Kada wani ya rubuta cewa na yi nadama. Amsa sukutum ta kusa hana yarinyar nan abin da take so, kuma wayar ba ta fito daga adaka ba sai ranar da na ce. Sai dai na toshe hanya ɗaya da ke tsakanin uba da 'ya, jarrabawa kuma na tafe, malamin da ya fi kowa iyawa a garin yana kwana a gidanmu. Wani abu dole ya motsa, kuma na duba gidan duka ban ga wanda zai motsa ba in ba ni ba.

Tun ina amarya, bayan sallar asuba bakin ruwa nake zuwa in tari masunta suna saukowa. Ina da wurina kusa da wani dutse, ina da mutanena da ba sa buɗe wa kowa kwando sai na zo. Safiya ce kaɗai lokacin da Malam da Saratu ke gida tare kai a huce, kafin kowa ya tafi makarantarsa. Na san in na bar bakin ruwa na watanni ba zan tarar da shi yadda na bar shi ba, haka kuwa aka yi. Rabi mutuniyar kirki ce amma ba ta iya tsayawa kan ciniki ba, masuntana suka watse wurin wasu, wata yarinya mai baki ta gaje dutsen. Tsofaffin unguwa kuma suka sami abin faɗa, wai Kulu ta tsufa ta zubar da kunya, tana zama tabarma ɗaya da ɗan fari. Ku da kuke ganin Saratu yau da farar riga tana yi wa matan gari tsawa a asibiti, ga abin da rigar ta ci.

Washegari da asuba na ba Rabi kwando na ce ta tafi bakin ruwa. Na shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida na zauna a tsakiya. Na kira Saratu da littafinta na zaunar da ita a damata. Malam ya dawo daga masallaci ya durƙusa zai gaishe ni, Rabi ba ta nan, Ɗanjuma ba ya nan, ba wanda zan ba saƙo. Na dubi bango na ce a gaya wa mai gidan nan akwai wuri a haguna. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya cire takalmi ya zauna, ya ba Saratu gefen kafaɗa, ita ma ta ba shi nata.

"Inna, ki ce mata ta nuna inda ta tsaya."

Na juya na ce, "Kin ji."

Ta tura littafin ta gabana ya wuce. Ya duba ya ce in ce mata layin farko daidai ne, a na biyu ta ɓata. Ya fara bayani yana duban gwiwata, wani harafi wai an ɓoye lamba a cikinsa, in an ƙetare da shi wancan gefe sai ya juya hali. Ya gama ya ce in tambaye ta ko ta gane. Saratu ta ɗaga kai da sauri alamar ta gane. Ni na raine ta, na san fuskar nan, ita take yi in ta ce ta wanke tukunya.

Na ce ni ban gane ba, a sake.

Ya sake, a hankali, har ya manta ya miƙa hannu ta gabana ya nuna mata wurin da yatsa. Na saci kallonta. Ta sa biro a baki tana cizo, goshinta ya tattare.

Na gyara zama na ce har yanzu ban gane ba.